Neman kalmomin Hausa don dabarar «abu mai cin gashin kansa»

A Arlit, inda kamfanin SOMAIR ya fara fid da uraniyom a shekara ta 1971, da Akokan, inda COMINAK ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, Hausa ce ta haɗa ma'aikata na ƙabilu dabam-dabam, amma takardun fasaha da Faransanci ake rubuta su. Don haka mai shirya littattafan koyarwa na waɗannan garuruwa tilas ya nemi kalmomi. Wannan bayani ya shafi dabara guda ta rubutun manhajar kwamfuta, wadda ake kira objet actif da Faransanci, wadda kuma Greg Lavender da Douglas Schmidt suka bayyana a 1995.

Ga matsalar da take warwarewa. A ce sikeli goma na auna motocin ma'adini, amma littafin lissafi guda ne cikin kwamfuta. In sikeli biyu suka karanta jimla lokaci ɗaya, kowane ya ƙara nasa ya rubuta, nauyin mota guda zai ɓace ba wanda ya lura. Maganin shi ne a raba kiran aiki da yin aiki, ta hanyar sassa shida. Ga sunayen da muka ga sun dace da su:

1. wakili: shi ke karɓar kira;
2. saƙo: kiran da wakili ya ƙunshe;
3. jeri: inda saƙonni ke jira;
4. mai tsari: shi ke zaɓen saƙon da za a ɗauka;
5. bara: shi kaɗai ke taɓa littafin;
6. rasit: shaidar da mai kira ke riƙewa, ya ci gaba da harkarsa har amsa ta fito.

Tun da mai tsari ɗaya bayan ɗaya yake miƙa saƙonni ga bara, hannu biyu ba su haɗuwa kan lissafi.

Saura sunan dabarar kanta. In an bi Faransanci kalma da kalma, sai a ce «abu mai aiki», alhali kowane abu cikin manhaja aiki yake yi. Abin da ya bambanta wannan shi ne yana da zaren aikinsa na kansa, shi ke tsai da lokacin biyan buƙata. Shi ya sa muka zaɓi «abu mai cin gashin kansa». Muna roƙon masu bincike su gwada waɗannan kalmomi a bakin ma'aikata kafin a sa su cikin ƙamus.