Me Ya Sa Harshen C Ke Nace Wa Sanin Faɗin Jadawali?

Mai koyon harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs wajen 1972, da wuya ya tsallake wannan tuntuɓe. Ya tsara jadawalin maki, `int maki[3][4]`, ɗalibai uku darussa huɗu, ya rubuta fankshan mai karɓar `int m[][]`, sai kamfaila, mai fassara rubutun zuwa harshen inji, ta ce ba ta san zancen ba.

Ba taurin kai ba ne. A ma'adanar kwamfuta lambobin nan 12 a jere suke, layin farko na ƙarewa na biyu ya ɗora. Kuma C ba ta kwafe jadawali ta ba fankshan. Adireshin layin farko kawai take miƙa masa. Kamar mutanen sahu uku ne suka fito suka yi layi ɗaya, aka ce ka nemo na uku a sahu na biyu. In ba ka san mutum nawa ne a kowane sahu ba, ta ina za ka fara? Da yake ƙirga daga sifiri take farawa, `m[1][2]` na nufin a tsallake lamba 1×4+2, wato shida. Wannan huɗun kamfaila ke nema tun kafin manhaja ta fara aiki.

Shi ya sa ake rubuta `#define DARUSSA 4`, sannan `void buga(int m[][DARUSSA], int layuka)`. Yawan layuka kuwa ko ka cusa shi a gurbin farko kamfaila ba ta kula shi, sai dai ka aika shi daban. In jadawalin mai hawa uku ne, gurbin farko kaɗai za ka iya bari fayau.

A yi hattara da `const int`. A C++ tsayayyen adadi ne, a C kuwa ba haka ake ɗaukarsa ba, don haka `#define` ko `enum` sun fi aminci. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai karɓa da `int **m`: manhaja za ta ɗauki makin ɗalibi a matsayin adireshi, ta faɗi warwas.

Aibin hanyar `#define` dai a fili yake: ranar da darussa suka zama biyar, sai an gyara adadin an sake harhaɗawa. C99 ta sassauta, ta yarda a rubuta `int m[r][c]` muddin `r` da `c` sun riga shi zuwa a jerin abin da fankshan ke karɓa, amma C++ ba ta amince da hakan ba. Can da `template` ake barin kamfaila ta gano girman da kanta.