Ƙuduri Mai Lamba 2250 da Samarinmu na Zango

 

A ranar 9 ga Disamba 2015, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250, duk mambobinsa goma sha biyar suka amince. Ƙasar Jodan ce ta jagoranci kawo shi. Wannan ne karo na farko da kwamitin ya ware ƙuduri guda a kan matasa da zaman lafiya. Ya ɗauki matashi a matsayin mai shekara 18 zuwa 29, ya kuma yi kira ga ƙasashe su sa matasa cikin yanke shawara da sasanta rikici, su kare rayukansu, su toshe hanyoyin da ke jefa su cikin fitina, su haɗa hannu da su, sannan wanda ya riga ya ɗauki makami a taimaka masa ya ajiye ya dawo cikin jama'a. An ƙara ƙarfafa shi da ƙuduri na 2419 a 2018 da na 2535 a 2020. Tarayyar Afirka kuwa, a Yarjejeniyar Matasa ta 2006, ta faɗaɗa shekarun daga 15 zuwa 35.

To, ina ruwanmu da takardar da aka rubuta a New York? Ruwanmu shi ne, abin da take magana a kai mun gan shi da idonmu a nan Kumasi.

A watan Fabrairu 2016 rikici ya ɓarke a Tafo a kan katangar maƙabarta, tsakanin samarin Musulmi da mutanen sarkin garin. An rasa rai, aka sa dokar hana fita. Sai da Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya taso daga Accra ya sa baki kafin ƙura ta lafa. Allah ya saka masa da alheri. Amma mu duba da kyau: samari ne a bakin daga, dattawa ne a teburin sulhu. Kullum haka muke yi. Ba ma kiran yaro sai wuta ta kama, a lokacin ma don mu ce masa ya koma gida. Da an saba zama da shugabannin samari tun ana takaddamar fili da baki, watakila da ba a kai ga jifa ba.

Akwai kuma ɓangaren kariya, kuma wannan ya fi mana ciwo. A watan Yuli 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai daga Asawase a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya bincika bai sami hujjar hakan ba. Saurayin da yake jin sunan unguwarsu kawai ya isa a zarge shi, da wuya ya yarda da hukuma, kuma ɗan siyasa mai neman 'yan banga ya san wannan sarai. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairu 2019, Majalisar Gana ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga a shekarar. Doka ta hana ƙungiya, amma ba ta ba wanda yake zaune bakin titi a Aboabo sana'a ba.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne. Manzon Allah (SAW) yana saurayi, kafin annabta, ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an a Makka, inda aka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, bayan an danne wa wani baƙon ɗan kasuwa haƙƙinsa. Mus'ab ɗan Umair yana matashi aka aika shi Madina kafin hijira, garin da Aus da Khazraj suka daɗe suna zubar da jinin juna, ya bi gida-gida yana karantarwa. Suratul Hujurat ta umarci muminai da sulhunta 'yan uwansu, ba ta kuma gindaya sharaɗin furfura ba.

Gaskiya ƙudurin 2250 kira ne, ba wanda za a kai kotu don ya ƙi bin sa. Idan zai yi aiki a Zango, a wurare irin namu zai yi. Kwamitocin masallatanmu nawa ne suke da ɗan ƙasa da shekara talatin, wanda aikinsa ya wuce shimfiɗa tabarma da ɗaukar lasifika? 'Yan mata fa, waɗanda su ne suka fi cika azuzuwan makaranta? Idan za a je gaban Sarkin Zango ko ofishin Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2011 ta kafa, a tafi da su, a bar su su yi magana da bakinsu.

Ku kuma ɗalibai, kujerar tana da nauyi. Wanda yake son a saurare shi a zauren sulhu ba zai zama mai tura saƙon murya na zuga a WhatsApp tun bai tabbatar da labari ba, ba kuma zai karɓi 'yan sidi ya hau babur yana razana mutane ranar zaɓe ba. Malamai su duba ajinsu, su ba kwamiti sunan waɗanda suka ga sun iya haƙuri da sauraro, maza da mata.