Sake: Abin Da Matafiyi Zuwa Japan Ya Kamata Ya Sani

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. To, da yake yaranmu sun fara zuwa Japan, wasu karatu, wasu sayen motoci, mun ga ya kyautu mu yi bayanin wani abin sha da ake yawan miƙa wa baƙo a can, wanda suke kira sake.

A ido garau take kamar ruwa, a ɗan ƙaramin ƙoƙo ake zuba ta, wani lokaci ma da ɗumi kamar shayi. Amma fa giya ce. Ƙarfinta ya kai kashi 15 cikin 100, wato kusan ninki uku na giyar kwalba.

Da shinkafa ake yin ta. Akan goge ƙwayar sosai, har a zubar da rabinta idan mai tsada ake so, sannan a turara. Masu burukutu tsiron dawa suke sa wa, su kuwa Japanawa wata funfuna ce mai suna koji take mai da shinkafar zaƙi, yisti kuma ya mai da zaƙin barasa. Aikin lokacin sanyi ne, an kuma fi sanin Nada ta yankin Kobe da Fushimi ta Kyoto da shi. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Wurinsu abin girmamawa ce. A ɗaurin aure na addinin Shinto, ango da amarya sukan kurɓa sau uku-uku daga ƙoƙo uku. A wajen liyafa kuwa, mutum ba ya zuba wa kansa, na kusa da shi ne zai zuba masa. Saboda haka wanda ya miƙo maka ba raini ya yi ba, karramawa ce. Sai ka gode masa, ka ce ba ka shan giya, ka nemi shayi.

A kula kuma, ana zuba sake cikin girki, haka ma 'yar'uwarta mirin. Akwai wani kamar kunun zaƙi, amazake: wanda aka yi da koji zalla ba ya bugarwa, amma na dusar sake yakan zo da ɗan barasa. A tambaya kafin a sha, domin matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.