Karen farauta, ƙwayar deksa da sakamakon jini mai ruɗi

Sana'ata nazarin harshe ce, ban taɓa zama ajin likitancin dabbobi ba. Abin da ya sa na tsoma baki a wannan fage shi ne abin da ya faru da karen farautar kawuna a Zuru, ƙasar da manomi ke ɗaukar karensa a matsayin abokin daji kuma mai gadin rumbu.

Karen ya kamu da ƙaiƙayi, sai kawu ya sayo ƙwayar dekzametason, wadda jama'a ke kira deksa, a wani shagon magani. Cikin kwana biyu susa ta tsaya, cin abinci ya ƙaru, kawu ya ce kare ya warke. A nan ne kunnen mai nazarin harshe ya motsa, domin Hausa ta bambanta "ya samu sauƙi" da "ya warke". Deksa da 'yar uwarta firedinisolon kumburi da ƙaiƙayi suke dannewa, ba sa kashe abin da ya haddasa su.

Bayan wata biyu karen ya koma shan ruwa babu ƙaƙƙautawa, fitsari kuma ba iyaka, cinyoyinsa suka zube. Muka kai shi wurin likitan dabbobi, aka ɗebi jini. Sakamako ya fito, kiriyatinin bai haura ƙima ba. Na yi murna, amma likita ya tambayi kawu: "Baba, wane magani ka ba shi?" Da ya ji amsa, sai ya ce kada mu dogara da wannan takarda.

Ga dalilin, ya mai karatu. Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda kuma ta tace shi. Irin waɗannan magunguna suna zaftare tsoka, suna kuma ƙara saurin tacewar ƙoda, sai adadinsa ya sauka ko da ƙodar tana da rauni. Dama can ba ya tashi sosai sai kusan kashi 75 cikin 100 na aikin ƙoda ya lalace. Ita kuwa yuriya tana iya hawa saboda rushewar furotin a jiki ko zubar jini a hanji, alhali ƙoda lafiya lau. Fitsari ma yakan tsinke, furotin ya bayyana a cikinsa. Ke nan magani ɗaya yana iya ɓoye cuta, yana iya ƙaga alamar wadda babu.

Likita ya hana a yanke maganin farat ɗaya, domin jikin da ya saba da shi yakan rage samar da nasa sinadarin, kuma tsayarwar gaggawa tana iya kayar da dabba. Aka riƙa ragewa sannu a hankali. Da aka sake gwaji bayan makonni, kiriyatinin ya haura, raunin ƙodar ya fito fili. Karen yana raye, amma ya bar farauta.

Kirana ga masu karnuka shi ne su faɗa wa likita duk abin da suka bai wa dabba kafin a ɗebi jini. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 kuma tana da damar wayar da kan manoma a kan wannan, cikin Hausa da Dakarci, domin gargaɗin da ke jikin kwalin magani da Turanci yake, kawu kuwa ba ya karanta shi.

Allah Ya sa mu dace.