Bidiyon ƙera kayan kiɗa da sana'ar hannu: Wanne ya dace da yaro, wanne ne tarko?

Ma'aikacin gwamnati da ke barin Kubwa, Lugbe ko Mararaba tun da duku-duku don kauce wa cunkoso ba ya komawa gida sai bayan magariba. A lokacin dogon hutu, waya ce ke cike wa yara wannan giɓi. Iyaye da dama hankalinsu kan kwanta idan suka tarar yaro na kallon yadda ake haɗa jita da kwali ko sarewa da bututun roba, tunda babu batsa, babu ashar.

Sai dai tsabtar harshe ba ta isa ma'auni ba. Irin wannan bidiyo gayyata ce ga mai kallo ya tashi ya kwaikwaya. Tambayar da ta kamaci uba ko uwa ita ce: me hannun yaron zai ɗauka bayan ya ajiye wayar?

Ƙera abin wasa da na kiɗa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yara sun daɗe suna haɗa motar kara da gangar gwangwani, kuma kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya guda. A Cateura ta ƙasar Paraguay ma, yaran da ke zaune kusa da babban juji sun zagaya duniya suna kiɗa da kayan da aka ƙera daga shara, amma manya ne suka riƙe zarto da guduma. Abin da bidiyo ya rasa ke nan: babban da zai riƙe hannun yaro kafin wuƙa ta zame.

Tambarin "na yara" ba shaidar aminci ba ne

Ƙa'idar YouTube da TikTok ita ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi na kansa. A 2015 aka fito da YouTube Kids domin ƙanana. A 2019 hukumomin Amurka suka ci kamfanin Google tarar dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, kuma daga nan aka wajabta wa masu ɗora bidiyo su bayyana ko don yara suka yi shi.

Mai ɗorawa ne ke sanya wannan tambari da kansa. Aikinsa shi ne rufe sashen sharhi da hana tallan da ke bin sawun mai kallo. A Najeriya ma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Duk waɗannan matakai bayanan yaro suke karewa. Babu wanda ya tantance ko aikin da ake nunawa zai yanke masa yatsa.

Inda haɗarin yake

Yawancin bidiyon an gaggauta shi, aikin awa uku ya koma minti uku. Abin da ake yankewa shi ne aunawa, ɗaure katako, da gwajin da ya lalace. Yaro sai ya ɗauka aikin sauƙi ne, idan nasa ya ƙi kuma ya ƙara ƙarfi ko ya ƙara wuta.

Bututun ruwa na PVC da ake yin sarewa da shi yana fitar da hayaƙi mai ƙona maƙogwaro da ido idan aka kara shi a wuta. Sufa-gulu kan yi zafin da zai ƙona fata idan ya zuba a kan auduga ko rigar da aka saƙa da ita. Tsirkiyar ƙarfe da aka ɗaure fiye da kima tana tsinkewa ta doki fuska.

Mafi muni shi ne zanen katako da lantarki, inda ake ciro taransfoma daga na'urar ɗumama abinci. Tana fitar da kimanin volt 2,000, kusan ninki tara na wutar gida, kuma ta hallaka mutane da dama, galibinsu manya. Ƙungiyar masassaƙan Amurka mai suna AAW ta haramta shi a tarukanta tun 2017. A 2022 YouTube ya cire bidiyon gargaɗin da Ann Reardon 'yar Ostiraliya ta yi a kansa, kafin ya maido da shi bayan ƙorafi. Wato tacewar kamfani ma kan yi kuskure.

Yadda za a auna

Hanya mafi inganci ita ce babba ya kalli bidiyon tukuna, ya lissafa kayan aikin da aka taɓa, ya raba su gida uku. Kwali, zare, ƙwarya, gam na takarda da almakashi marar tsini sun dace da ɗan firamare. Reza, zarto, ƙusa, injin huda katako da bindigar gam na matashi ne, shi ma sai babba na tsaye a kansa. Wutar soket, harshen wuta, fetur da narka roba kuwa ba na kowa ba ne a cikin gida.

Sai a dubi malamin. Na ƙwarai yana nuna fuskarsa, yana faɗin awo, yana sa tabarau na kariya, yana bayyana inda aikin kan lalace. Wanda hannaye kawai ake gani da kiɗa mai sauri, masu kallo yake nema. A kuma duba bidiyon da ke biyo baya, domin wayar kan zarce da kanta daga jitar kwali zuwa aikin lantarki. Kashe wannan zarcewar aikin daƙiƙa kaɗan ne.

Hana kallon gaba ɗaya asara ce, domin yaron da ya gano cewa gajeriyar tsirkiya ta fi doguwa siririyar murya ya koyi kimiyya da hannunsa. Minti goma na kallo a daren Juma'a da awa guda na aiki tare ranar Asabar sun wadatar. Matashin da sha'awarsa ta ɗore kuma, a haɗa shi da amintaccen kafinta a unguwa, inda akwai mai cewa "dakata".