Ciniki Ba Shinge: Ina Rabon Lebura?

Yau shirin namu zai kai mu garin Silao na ƙasar Meziko, inda kamfanin General Motors ke ƙera motocin a-kori-kura.

A 1994 yarjejeniyar NAFTA ta fara aiki tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, aka shiga janye harajin kwastam. Masana'antu suka yi ta kwarara Meziko, musamman saboda arhar lebura. Batun haƙƙin ma'aikata kuwa aka jingine shi a wata takarda ta gefe, wadda ba a taɓa hukunta kowa da ita ba.

Abin da ya fi ci wa leburorin tuwo a ƙwarya shi ne ƙungiyoyin ƙwadago na jeka-na-yi-ka. Shugaban ƙungiya ya keɓe da mai kamfani su yanke albashi, wani lokaci tun ba a ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba. Mutum ya yi shekaru ana yankar masa kuɗin ƙungiya, bai taɓa ganin takardar da aka sa wa hannu da sunansa ba. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

A Yulin 2020 sabuwar yarjejeniya, USMCA, ta maye gurbin tsohuwar, ta kuma zo da sanda: masana'antar da ta danne 'yancin ma'aikata, ana iya ɗora wa kayanta haraji ko a tare su a kan iyaka. A Afrilun 2021 aka tarar an lalata ƙuri'u a zaɓen da ma'aikatan Silao suka yi kan kwangilar da ƙungiyarsu ta ƙulla da kamfanin. Amurka ta shigar da ƙorafi, aka sake zaɓe a Agusta, leburori suka yi fatali da tsohuwar kwangilar. A Fabrairun 2022 suka zaɓi ƙungiyarsu ta kansu, SINTTIA, ƙarƙashin wata ma'aikaciya, Alejandra Morales, daga baya suka samu ƙarin albashi na kashi 8.5 cikin ɗari.

To, mu dawo gida. A Yamai, a Yulin 2019, Shugaba Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ba shinge ta Afirka, bayan ya ƙi yi a Kigali a 2018 saboda kokawar ƙungiyar ƙwadago ta NLC da masu masana'antu. Mutanen Kakuri a Kaduna, da suka ga masaƙu na rufewa ɗaya bayan ɗaya, sun san dalilin wannan fargaba. A cikin yarjejeniyar tamu babu babin da aka ware wa haƙƙin ma'aikata. Leburan Sharaɗa a Kano da aka kora don ya nemi kafa ƙungiya, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a cikinta.