Beguwa a Gonar Rogo

Manomin da gonarsa ke gindin dutse ya san aikin beguwa ko da bai taɓa ganinta ido da ido ba. Da safe zai tarar da kunyar rogo ko dankali a tone, saiwa a gwaigwaye, ga ƙaya ɗaya ko biyu mai ratsin baƙi da fari a yashe. Da dare take fita kiwo. Da rana tana kogon dutse ko ramin da ta haƙa, wani lokacin tsohon ramin dabgi. Babba takan kai kilo 20, kuma dangin ɓera ce: haƙoranta na gaba ba sa daina girma, shi ya sa ba ta rabuwa da gwaigwaya, har ƙasusuwa takan ja zuwa raminta.

Zancen da ake yi cewa tana harbin mutum da ƙaya daga nesa ba gaskiya ba ne. Idan aka matsa mata, sai ta miƙar da ƙayoyinta, ta kaɗa jela ta yi ƙara, ta buga ƙafa. Gargaɗi ke nan. Wanda ya ƙi ji, sai ta taho masa da baya a guje, ƙayar ta nutse ta tsaya a jikinsa. Karnuka ne suka fi kwasar wannan rabo, a hanci da ƙirji, kuma idan guntun ƙaya ya karye a cikin nama sai wurin ya ruɓe. Ɗaure kare da dare ya fi jinyarsa sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne gubar da ake sa mata. Beguwa ɗa ɗaya ko biyu take haifa, yawanci sau ɗaya a shekara, saboda haka ƙarar da ita a yanki ba wuya. Gubar kuma ba ta tsayawa a kanta: akuya za ta ci abin da aka barbaɗa wa, ungulu da kare su ci mushen. Hura hayaƙi a rami shi ma sau da yawa gobarar daji yake haifarwa.

Shinge yana aiki, amma sai an tuna cewa beguwa gwanar tono ce. Ragar waya da aka tsaya da ita a kan ƙasa ba ta hana komai, dole a binne gindinta kamar kamu ɗaya, a riƙa dubawa ana toshe duk inda aka fara tono. Wanda ba shi da kuɗin kewaye gona duka, ya fara da ɓangaren da ke fuskantar dutse, kuma kada ya bar tulin rogo ko gyaɗar da aka cire su kwana a fili.